Tarihin Tenzing Norgay, ɗan dakon da ya zama madugu a kan dutse mafi tsawo a duniya

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya shiga Kasuwar Makola a nan Ankara, ko ya tsaya a tashar Tudu lokacin da motocin Aflao ke sauke kaya, ya san cewa kafin mai shago ya buɗe ƙofa akwai waɗanda suka riga shi fara aiki. Su ne 'yan dako, wato samari masu turin amalanke da 'yan matan nan da ake kira kayayei, waɗanda yawancinsu daga arewacin ƙasar nan ta Gana suke zuwa. Sunan ma rabinsa namu ne, domin kaya Hausa ce, yei kuma mata ke nan da harshen Ga. Mukan ɗora musu kaya mu wuce gaba suna biye da mu, kuma da wuya a sami wanda zai tambayi sunan wadda ta ɗauko masa buhu.

Wannan ne ya sa a yau muka zaɓo muku tarihin wani ɗan dako daga gabas mai nisa, mai suna Tenzing Norgay. Bai taɓa shiga aji ba, kuma har ya bar duniya bai iya karatu da rubutu ba, amma shi da Edmund Hillary, mutumin ƙasar Niyuzilan, su ne mutane na farko da aka tabbatar sun taka ƙololuwar dutsen Everest, ranar 29 ga watan Mayu, 1953.

Ƙasar da ya fito

Shi dai dutsen Everest yana kan iyakar Nepal da yankin Tibet, a cikin jerin duwatsun Himalaya da ke arewa da Indiya. Awon da ƙasashen Nepal da Sin suka bayyana tare a watan Disambar 2020 ya nuna tsawonsa mita 8,848.86 ne daga saman ruwan teku. Domin mai karatu ya gane, dutsen Afadjato na Jihar Volta, wanda muke taƙama da shi a nan Gana, bai kai mita 900 ba, kuma ko an ɗora irinsa tara a kan juna ba za su kamo Everest ba. Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Turawa ne suka laƙaba wa dutsen sunan Everest a 1865, domin karrama wani tsohon shugaban safiyo na Indiya, amma mutanen Tibet Chomolungma suke kiransa, gwamnatin Nepal kuma Sagarmatha.

A gindin wannan dutse, a yankin da ake kira Khumbu, akwai ƙabilar Sherpa, waɗanda kakanninsu suka ƙauro daga gabashin Tibet kimanin shekara 500 da suka wuce. Masu karatunmu na kasuwannin kan iyaka za su fi kowa gane su, domin su ma a da fataken kan iyaka ne. A da sukan ɗauko gishiri da ulu daga Tibet su gangaro da su kudu, su kuma hau da hatsi da shinkafa, ta wata mashiga a tsakanin duwatsu mai suna Nangpa La wadda tsawonta ya haura mita 5,700. Babbar kasuwarsu tana garin Namche, kuma ranar Asabar take ci. Kayan ko dai a bayan wani irin sa mai yawan gashi da ake kira yak, ko kuma a bayan mutum, cikin kwando mai igiya da ake rataya wa a goshi a maimakon gammo.

Wani abin da ya ba mu sha'awa shi ne, su ma sukan sa wa yaro sunan ranar da aka haife shi. Nima shi ne na ranar Lahadi, kamar Ladi ko Ɗanladi a wurinmu, Dawa na Litinin, Mingma na Talata, Pasang na Juma'a. Saboda haka idan kuka ji sunan Nima a cikin wannan tarihi, ba unguwarmu ake nufi ba.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Tenzing a shekarar 1914, a ƙarshen watan Mayu bisa lissafin yanayi da amfanin gona da mahaifiyarsa ta riƙe, tun da ba a rubuta ranar haihuwa a wurinsu. Shi ya ce a Khumbu ya tashi, a ƙauyen Thame da ke kan hanyar fataken Nangpa La, amma masu bincike na baya sun nuna cewa a ɓangaren Tibet aka haife shi, a yankin Kharta, daga baya iyayensa suka ƙetaro. Mahaifinsa Mingma makiyayin yak ne kuma talaka, mahaifiyarsa sunanta Kinzom. Shi ne na 11 a cikin 'ya'ya 13, waɗanda da yawansu suka mutu tun suna ƙanana.

Sunansa na yanka Namgyal Wangdi, sai wani babban malamin addinin Buda na gidan ibadar Rongbuk ya ba da shawarar a canza masa zuwa Tenzing Norgay, wato mabiyin addini mai arziki. An kai shi gidan ibada domin ya zama malami, amma zaman bai karɓe shi ba, ya koma kiwo. Sau biyu yana gudu daga gida. Karo na farko ya tafi Katmandu, babban birnin Nepal, ya dawo. Karo na biyu, yana da shekara kamar 19, ya bi wasu samari zuwa garin Darjilin na ƙasar Indiya, inda ya sauka a unguwar Sherpawa da ke gefen gari. Wato dai ya tafi cin rani ya sauka a zangonsu, kamar yadda kakanninmu suka yi a Salaga da Kumasi da Sabon Zango.

Yadda ya fara dako

A wancan lokaci Nepal ta rufe ƙofarta ga baƙi, saboda haka Turawan Ingila masu son hawa Everest daga Darjilin suke tashi, su zagaya ta Tibet, tafiyar makonni a ƙasa. A nan suke ɗaukar 'yan dako, kuma aikin ba wasa ba ne. A 1922 dusar ƙanƙara ta zubo ta binne 'yan dako bakwai, su ne mutane na farko da aka san sun mutu a kan dutsen. A 1924 kuma Turawa biyu, George Mallory da Andrew Irvine, suka ɓace kusa da ƙololuwa, sai a 1999 aka tsinci gawar Mallory.

Tenzing ya yi ta aikin ƙodago a Darjilin har zuwa 1935, lokacin da Bature Eric Shipton ya zo neman ƙarin mutane. Yaron ba shi da takardar shaidar aiki ko ɗaya, amma wani sanannen ɗan Sherpa mai suna Ang Tharkay ya tsaya masa, kuma an ce fara'arsa ce ta ja hankalin Shipton. Ya sake bin Turawan Ingila a 1936 da 1938. A tafiyar 1938 ya kai kaya har zango na shida, kusan mita 8,300, ba tare da tukunyar iskar shaƙa ba, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo da ake kira ta Damisa, wadda ake bai wa 'yan dakon da suka fi kowa nisa.

A nan ya kamata mu ɗan yi bayanin yadda irin wannan tafiya take, domin tsarinta bai da nisa da na ayarin goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja. A ayarinmu na da akwai madugu mai yanke shawarar tashi da sauka, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki mai kula da kuɗin fito da na hanya. A Himalaya shugaban 'yan dako sardar ake kiransa. Shi ke zaɓen mutane, ya raba kaya, kowane mutum kimanin kilo 27 zuwa 30, ya sasanta rigima, ya kuma tsaya tsakanin Turawa da ma'aikata. Ana kafa zango bayan zango a jikin dutsen, ana hawa da abinci da tanti da makamashi a ajiye a sauko, a sake hawa, har sai an gina hanyar da mutum biyu kacal za su bi su kai ƙarshe.

Babban abokin gaba a can sama shi ne ƙarancin iska, har ya fi sanyi. A mita 5,500 iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi rabin ta bakin teku ce, a ƙololuwar Everest kuwa kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya hau da gaggawa sai ciwon kai da amai da rashin barci su kama shi, in ya matsa ruwa ya taru masa a huhu ko a ƙwaƙwalwa, kuma yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Babban maganinsa shi ne a sauko da shi nan take. Shi ya sa ƙwararren jagora ke hana gaggawa, yana sa ayari ya huta kwana ɗaya ko biyu a wasu zanguna domin jiki ya saba. Tafiya sannu sannu kwana nesa, in ji Hausawa, kuma a can wanda ya ƙi jin wannan magana da ransa yake biya.

Daga ɗan dako zuwa madugu

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke hawan duwatsu ya tsaya cik. A shekarun da sojojinmu na Gold Coast ke bi ta Indiya zuwa fagen daga a Bama, inda Barikin Burma na nan Ankara ya samo sunansa, Tenzing yana can Chitral, a ƙasar Pakistan ta yanzu, yana yi wa wani hafsan soja hidima. A can matarsa ta farko, Dawa Phuti, ta rasu a 1944, ta bar masa 'ya'ya mata biyu, Pem Pem da Nima. Ɗansu namiji ya riga ya mutu yana da shekara huɗu. Bayan yaƙi ya komo Darjilin da yaran, ya auri Ang Lahmu, 'yar'uwar marigayiyar, wadda ta riƙe su kamar ita ta haife su.

A farkon 1947 wani mutumin Kanada mai suna Earl Denman, wanda ba shi da kuɗi ba shi da izinin shiga Tibet, ya lallashe shi suka saci hanya su uku suka nufi Everest. Guguwa ta tsayar da su a wajen mita 6,700, suka juyo da ransu. A cikin shekarar ne kuma ya bi wasu mutanen Suwizalan zuwa duwatsun Garhwal na Indiya, inda sardar ɗin ayarin, Wangdi Norbu, ya faɗo ya ji mummunan rauni. Tenzing ne ya shiga gaba wajen ceto shi, nan take aka naɗa shi sardar. Shekara 12 ke nan da fara dakonsa.

A 1948 ya raka wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Tucci, har birnin Lasa na Tibet. A ƙarshen 1950 ya bi wasu samarin Ingila uku zuwa dutsen Nanga Parbat, alhali hunturu ya riga ya shigo. Shi da mutanensa suka nuna cewa lokacin ya wuce, suka ƙi ƙara gaba. Ɗaya daga cikin Turawan ya sauko, biyu suka ci gaba, kuma ba a sake ganinsu ba. A 1951 ma Faransawa biyu suka ɓace a dutsen Nanda Devi, shi da wani Bafaranshe suka hau ƙololuwar gabas mai mita 7,434 suna nemansu, ba su same su ba. Waɗannan asarori sun nuna masa cewa sanin lokacin juyawa yana cikin aikin madugu, ko da mai kuɗin tafiya bai so ba.

Shekarar mutanen Suwizalan

Zuwa 1950 al'amura sun juya, domin Sin ta shiga Tibet hanyar arewa ta toshe, Nepal kuma ta buɗe ƙofa, aka koma neman hanya ta kudu, wato ta Khumbu inda Tenzing ya yi kiwo. A 1952 mutanen Suwizalan suka sami izini, suka ɗauke shi sardar, sa'an nan suka yi abin da ba a taɓa yi masa ba, suka sa shi cikin jerin mahaya a matsayin ɗaya daga cikinsu. Ya shaƙu ƙwarai da ɗayansu, Raymond Lambert, duk da cewa ba su da wani harshe na kirki da ya haɗa su.

Su biyun sun kwana a wajen mita 8,400 a cikin ɗan ƙaramin tanti, babu jakar barci babu risho, suna narkar da ƙanƙara da kyandir domin su sami abin jiƙa maƙoshi, suna bubbuga juna domin kada sanyi ya sandarar da su. Washegari, 28 ga Mayu, suka ja jiki har kusan mita 8,600, inda babu wanda aka tabbatar ya taɓa kaiwa, sa'an nan ƙarfi ya ƙare suka juyo. A ƙarshen shekarar aka sake gwadawa, iska da sanyi suka kore su, kuma wani ɗan Sherpa mai suna Mingma Dorje ya mutu da ƙanƙara ta faɗo masa. Tenzing ya koma gida a rame, har sai da ya kwanta asibiti.

Tafiyar 1953

Bai gama murmurewa ba Turawan Ingila suka aiko masa, ƙarƙashin jagorancin Kanar John Hunt. Ya amsa bisa sharaɗin shi ma za a ba shi damar hawa. Wannan ne zuwansa Everest na bakwai. Tun a Katmandu aka fara samun saɓani, domin an sauki Turawa a cikin ofishin jakadancin Birtaniya, Sherpawa kuma aka zuba su a garejin mota wanda ko makewayi babu. Ransu ya ɓaci ƙwarai, kuma Tenzing ne ya yi ta shiga tsakani, mutanensa na ganin ya cika bin Turawa, Turawa na ganin ya cika goyon bayan mutanensa.

Ayarin ya fara tashi daga Katmandu ranar 10 ga Maris da 'yan dako kimanin 350, maza da mata, da ƙwararrun Sherpawa wajen 20 na aikin can sama. Sun yi kwana 17 suna hawa da gangara kafin su isa Tengboche, inda suka yi makonni suna sabawa da iska. Daga nan suka shiga wani kogin ƙanƙara da ake kira Khumbu, mai cike da ramuka masu zurfi da gumakan ƙanƙara kamar benaye, waɗanda ke rushewa ba sallama. A nan ne wata rana ƙanƙara ta karye da Hillary ya nufi cikin rami, Tenzing da ke bayansa ya kafa gatarinsa ya naɗe igiya ya tsayar da shi. Daga ranar Hillary ya san abokin da yake so.

Akwai wata rana da ba a cika ambatonta ba, alhali ba don ita ba da tafiyar ta watse. Ranar 21 ga Mayu 'yan dakon da za su kai kaya zangon da ke kusan mita 7,900 suka gaji suka tsaya a hanya. Tenzing da Hillary suka hau suka same su, Tenzing ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙarfafa musu gwiwa, washegari mutum fiye da goma suka isar da kayan. Ranar 26 ga wata Turawa biyu, Tom Bourdillon da Charles Evans, suka yi yunƙurin farko, suka kai inda saura kamar mita 100 a tsaye, na'urar iska ta ba su matsala, gajiya ta ci ƙarfinsu, suka juyo.

Ranar 28 ga wata George Lowe da Alfred Gregory da Ang Nyima suka taya Tenzing da Hillary kai kaya wajen mita 8,500, suka bar su a can. Da asuba Hillary ya tarar takalmansa sun daskare kamar dutse, sai da aka gasa su a kan risho. Ƙarfe shida da rabi suka tashi, ɗaure da igiya ɗaya. Kusa da ƙarshe suka ci karo da wani bangon dutse mai tsawon mita 12, Hillary ya cusa jikinsa tsakanin dutse da ƙanƙara ya haye, Tenzing ya biyo. Da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe suka tarar babu sauran abin hawa.

Minti 15 kawai suka yi a can. Hillary ya ɗauki hoton Tenzing yana ɗaga gatarinsa mai ɗauke da tutocin Majalisar Ɗinkin Duniya da Birtaniya da Nepal da Indiya, kuma shi ne hoton da duniya ta sani, domin ba a ɗauki na Hillary ba. Tenzing, wanda ke sanye da jan mayafin wuya da Lambert ya ba shi, ya tona ƙanƙara ya binne alewa da wani guntun fensir da 'yarsa Nima ta ba shi, a matsayin sadaka bisa al'adar addininsa. Da yake bai san ranar haihuwarsa ba, daga nan ya ɗauki 29 ga Mayu ta zama ita ce.

Rigimar wa ya riga wani

Wakilin jaridar Times da ke tare da ayarin ya aika labarin a ɓoye ta hannun mai gudu zuwa Namche, daga can aka buga ta wayar iska. Labarin ya bazu a Landan ranar 2 ga Yuni, ranar bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, lokacin nan ƙasar tamu tana Gold Coast a ƙarƙashin Ingila, Kwame Nkrumah na Firayim Minista, saura shekara huɗu a sami 'yanci.

Tun kafin ayarin ya iso Katmandu 'yan siyasa suka tare Tenzing. Nepal na cewa nata ne, Indiya na cewa nata ne, wasu kuma suka matsa masa ya sa hannu a takardar da ba ya iya karantawa, wadda ke cewa shi ya riga Hillary. Har hotuna aka zana ana nuna shi yana jan Bature a galabaice. Domin kashe wutar, su biyun suka fitar da sanarwar cewa kusan tare suka isa. A 1955, cikin littafin tarihinsa da wani marubuci Ba'amurke, James Ramsey Ullman, ya rubuta daga bakinsa, Tenzing ya bayyana cewa Hillary ne ya fara takawa, shi kuma yana biye da 'yan taku kaɗan. Ya faɗi haka ne a lokacin da ƙarya za ta fi jawo masa farin jini a gida.

Wajen rabon lada kuwa an ga bambanci. Ingila ta ba Hunt da Hillary sarautar Sir, Tenzing kuma lambar jaruntaka ta George. Wasu na cewa dokar Indiya ce ta hana ɗan ƙasa karɓar sarautar waje, wasu na ganin halin mulkin mallaka ne kawai. Sarki Tribhuvan na Nepal ya ba shi lambar Tauraron Nepal, Indiya ta ba shi Padma Bhushan a 1959. Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya ɗauke shi kamar ɗa, har ya buɗe akwatinsa ya ba shi tufafin da zai sa zuwa Landan.

Koyarwa da jagorancin baƙi

Bayan 1953 Tenzing bai sake hawa ƙololuwar Everest ba. A watan Nuwambar 1954 aka buɗe makarantar koyon hawan duwatsu ta Himalaya a Darjilin, aka naɗa shi daraktan horarwa na farko, ya riƙe muƙamin har 1976. Mutumin da bai iya karatu ba, amma yana jin harsuna da dama, ya shafe shekara 22 yana koyar da sojoji da ɗalibai da 'ya'yan Sherpawa. Ɗan 'yar'uwarsa, Nawang Gombu, wanda ya yi dako a tafiyar 1953 yana saurayi, shi ne mutum na farko da ya hau Everest sau biyu, a 1963 da 1965.

A cikin waɗannan shekaru ne sana'ar raka baƙi yawon duwatsu ta kunno kai. Wani tsohon hafsan sojan Ingila, Kanar Jimmy Roberts, ya buɗe kamfanin farko na wannan harka a Nepal a 1964, baƙinsa na farko kuma mata uku ne daga Amurka. Tenzing ma ya shiga. A 1975 shi ne madugun ayarin farko na 'yan yawon buɗe ido daga Amurka da aka yarda su shiga ƙasar Butan, a 1978 kuma ya kafa kamfaninsa mai suna Tenzing Norgay Adventures. Yau dubban mutane na sauka a filin jirgin saman Lukla a kowace shekara, su yi tafiyar kamar kwana 12 zuwa da dawowa domin ganin zangon gindin Everest mai mita 5,364, da jagora a gaba, 'yan dako a baya, ana hutawa a Namche domin jiki ya saba da iska.

Mutuwarsa da abin da ya bari

Ang Lahmu ta rasu a 1964. Matarsa ta uku, Dakku, ta haifa masa maza uku da mace ɗaya. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun nuna cewa shekarunsa na ƙarshe ba su yi masa daɗi ba, domin bayan barin aiki kaɗaici da damuwa sun dame shi, kuma ya sha nuna takaicin rashin ilimin boko, abin da ya sa ya dage 'ya'yansa suka yi karatu. Ya mutu a Darjilin ranar 9 ga Mayu, 1986, sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 71. An ƙone gawarsa a harabar makarantar bisa al'adar addinin Buda, kuma Hillary, wanda lokacin shi ne jakadan Niyuzilan a Indiya, ya halarci jana'izar. Ɗansa Jamling ya hau Everest a 1996. A 2008 aka sa wa filin jirgin Lukla sunan Tenzing da Hillary, sunan ɗan dakon a gaba.

Sai dai har yanzu da sauran rina a kaba. A watan Afrilun 2014 ƙanƙara ta rushe a kogin nan na Khumbu ta kashe ma'aikata 16 'yan Nepal da ke kai wa baƙi kaya. Da farko gwamnati ta ce za ta ba kowane gida rupi 40,000, kimanin dala 400, sai Sherpawa suka ajiye aiki gaba ɗaya a wannan kakar, har aka ƙara kuɗin inshorar rayukansu. Daga watan Satumbar 2025 kuwa, takardar izinin hawa kaɗai dala 15,000 baƙo ke biya a babbar kaka. Wanda ya fi kowa yawan hawa dutsen, Kami Rita, wanda ya yi na 31 a watan Mayun 2025, ɗan ƙauyen Thame ne, inda Tenzing ya yi kiwo, kuma shi ma da dako ya fara.

To jama'a, mu dawo gida. Daga Makola zuwa Aflao, daga Paga zuwa Bawku, daga Jibiya zuwa Illela da Ƙonni, babu ɗan kasuwar da kayansa ke tashi da kansu. Kakanninmu da suka kafa zangunan da muke zaune a cikinsu, da yawansu da gammo a ka suka iso Gwanja kafin su mallaki jaki. Shipton ya dubi fuskar wani yaro marar takarda ya ba shi kaya, mutanen Suwizalan suka ba shi igiya ɗaya da tasu, shekara 18 bayan fara dakonsa yana tsaye inda ba wanda ya taɓa tsayawa. Abin da muke roƙon 'yan'uwa 'yan kasuwa shi ne, a gama ciniki da mai dako kafin a ɗora masa kaya, kada a ɗora wa yarinya abin da ƙato zai yi nishi da shi, in ta faɗi ta ji rauni a kan kayanmu mu kai ta asibiti, wanda kuma muka ga yana da kai da riƙon amana mu jawo shi cikin shago ya koyi ciniki.